Jami'a da Masana'anta: Darasi daga Tarihin Maganin Insulin

1.0 Gabatarwa

Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko ya dace jami'a ta haɗa kai da kamfanin kasuwanci wajen bincike. Wasu na ganin ilimi amana ce da ba ta haɗa hanya da neman riba, wasu kuwa na cewa binciken da bai fita daga ɗakin gwaje-gwaje ba bai amfani kowa ba. Wannan maƙala za ta dubi al'amarin ta hanyar misali guda, watau yarjejeniyar da Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada ta ƙulla da kamfanin magunguna na Eli Lilly na Amurka a shekarar 1922. Manufa ita ce a nuna cewa amfanin irin wannan haɗin gwiwa ya rataya ne ga sharuɗɗan da aka gindaya tun farko.

2.0 Abin da Jami'a ta Gano

Kafin 1922, yaron da ciwon sukari mai tsanani ya kama ba shi da wata makoma sai mutuwa. Iyakar dabarar likitoci ita ce ƙayyade masa abinci har ya rame, a ja kwanansa na wasu watanni. An riga an fahimci cewa cutar tana da alaƙa da wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, amma an kasa tace sinadarinta ta yadda za a yi wa mutum allurarsa lami lafiya.

A watan Mayu na 1921, wani likita mai suna Frederick Banting da wani ɗalibi, Charles Best, suka fara gwaji a kan karnuka a ɗakin binciken Farfesa John Macleod. A ƙarshen shekarar masanin kimiyyar sinadarai James Collip ya shigo aikin, shi ne kuma ya samo hanyar tsarkake ruwan maganin. Ranar 23 ga Janairu 1922 aka yi wa wani yaro allurar abin da Collip ya tace a babban asibitin Toronto, sukarin jininsa ya sauka, ya farfaɗo. Wannan sinadari shi ne aka raɗa wa suna insulin.

3.0 Inda Ƙarfin Jami'a ya Ƙare

Gano magani daban, samar da shi ga dubban mutane daban. Jami'ar tana da ɗan wurinta na haɗa magunguna mai suna Connaught, can aka mai da aikin. Amma da aka yi ƙoƙarin faɗaɗa shi a farkon 1922 sai hanyar ta ƙi ci, aka shafe makonni ba a samu insulin mai ƙarfi ba, alhali majinyata na jira.

Tun a Disamban 1921 shugaban sashen bincike na Eli Lilly, George Clowes, ya ji bayanin aikin a wani taron masana, ya miƙa tayin taimako. Malaman Toronto suka noƙe, don gudun kada a ce sun sayar da ilimi. Amma Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ƙarshen Mayu 1922 suka amince. Kamfanin yana da abubuwan da jami'a ba ta da su: manyan injuna, da jari, da ma'aikata masu yawa, da hanyar samun gaɓoɓin shanu da aladu daga manyan mayankan Amurka. Daɗin daɗawa, kafin shekarar ta ƙare wani masanin kamfanin, George Walden, ya gano cewa idan aka daidaita tsamin ruwan zuwa wani mizani, insulin yakan kwanta a ƙasa shi kaɗai. Wannan dabara ta ƙara wa maganin tsabta da ƙarko ƙwarai. Ke nan ilimi bai gangaro daga jami'a zuwa masana'anta kawai ba, ya kuma hauro daga masana'anta zuwa jami'a.

4.0 Sharuɗɗan Yarjejeniya

A nan ne hikimar al'amarin take. Da fari, keɓantacciyar damar da aka ba kamfanin ta shekara guda ce, kuma ta taƙaita ga Amurka da ƙasashen da ke kudu da ita. Na biyu, jami'a ta riƙe takardar mallakar fasahar. A 1923 Banting da Best da Collip suka sallama wa jami'a haƙƙinsu a kan dala ɗaya kowannensu. Ba don tara dukiya aka nemi takardar ba, sai don kada wani ya riga su ya kulle fasahar, ko kuma 'yan damfara su cika kasuwa da jabu. Na uku, an kafa kwamiti na musamman mai ba da lasisi da kuma auna ƙarfin maganin da kamfanoni suka haɗa, domin allurar da ta wuce kima tana iya kisa. Na huɗu, duk wanda ya karɓi lasisi wajibi ne ya zuba sabuwar dabarar da ya gano cikin rumbu ɗaya, sauran su ɗiba.

Ba a rasa saɓani ba. Kamfanin ya so ya mallaki dabarar Walden shi kaɗai, ya kuma so sunan kasuwancinsa, Iletin, ya zama shi duniya ta sani. Jami'a ta tsaya kai da fata, kuma ta yi rinjaye saboda takardar asali tana hannunta. Don haka ne aka iya ba Majalisar Binciken Likitanci ta Ingila izinin kula da harkar a can, aka kuma ba Farfesa August Krogh na Danmak, wanda da shi aka kafa kamfanin Nordisk a 1923. A wannan shekara maganin ya shiga kasuwa, aka kuma ba Banting da Macleod lambar yabo ta Nobel.

5.0 Abin da Yarjejeniya ba ta Hango ba

Takardar mallaka tana da wa'adi. Da ta ƙare, sai linzamin ya fita daga hannun jami'a, ci gaban da ya biyo baya kuwa kamfanoni ne suka mallake shi. A 1972 jami'ar ta sayar da Connaught ɗin kansa. A 1978 kamfanin Genentech, wanda Herbert Boyer na Jami'ar Kalifoniya yana cikin waɗanda suka kafa shi, ya haɗa kai da cibiyar bincike ta City of Hope aka samar da insulin irin na ɗan Adam ta hanyar ƙwayoyin bakteriya, Eli Lilly kuma ya fito da shi kasuwa bayan an amince da shi a 1982. Wannan ma 'ya'yan binciken jami'a ne, sai dai an yi shi bisa tsarin ciniki tsantsa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya nuna cewa kamfanoni uku, watau Eli Lilly da Novo Nordisk da Sanofi, su ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwar insulin, kuma kusan rabin masu ciwon sukari nau'i na biyu da ke bukatarsa ba sa samu. Maganin da aka sallama a kan dala uku ya gagari talaka bayan shekara ɗari.

6.0 Kammalawa

Tarihin insulin bai goyi bayan masu ƙyamar kamfani ba, domin ba don injunan Eli Lilly ba da yara masu yawa sun mutu suna jira. Bai kuma goyi bayan masu cewa a miƙa komai ga kasuwa ba, domin ingancin maganin da saurin yaɗuwarsa a duniya sun samu ne saboda jami'a ta riƙe haƙƙinta ta yi amfani da shi. Malaman Toronto sun yi tanadi a kan mallaka da inganci da musayar ilimi, amma ikonsu bai kai ga farashin da zai biyo bayan wa'adin takardarsu ba. Saboda haka duk jami'ar da za ta zauna da kamfani, ya kamata ta warware tambayoyi huɗu kafin a sa hannu: wa zai mallaki abin da aka gano, har zuwa yaushe, wa ke da ikon wallafa sakamako, sa'an nan nawa mabukaci zai biya.