Ragowar mangwaro da kankana: kafin a kai su juji

Duk wanda ya zaga kasuwar Ɗan Isa ko ta Birnin Ƙonni da la'asar a watan Afrilu ya san abin da muke nufi. Zafi ya haura digiri 40, mangwaron da aka sauke da safe ya yi laushi, kankanar da aka yanka ta fara zubar da ruwa. Abarbar da ta taso daga kudancin Benin kuwa, kafin ta iso kasuwa ta riga ta nuna cikin mota. Mai kaya ya karyar da farashi, abin da ya rage awaki su samu.

Mu a ganinmu, rabin wannan asara ta ganganci ce. Ɗan itacen da ya nuna sosai shi ya fi zaƙi, kuma shi ya fi dacewa da abin sha mai sanyi, tunda ba ya cin sukari da yawa. A feƙe mangwaro, a markaɗe ko a burge shi da maburgi, a tace da rariya saboda zare, a ƙara ruwa da ɗan citta, a matsa lemun tsami. Lemun ba don ɗanɗano kawai ba ne, yana hana launin dushewa, yana kuma kashe ƙarnin gwanda in an haɗa da ita. Kankana ba ta son ruwa ko kaɗan, nata ya ishe ta. Na'ana'a ce abokiyarta. Ɓawon abarba ma kada a yar. A wanke shi, a tafasa tare da zoɓo da kanumfari. Masu nono kuma su gwada dama mangwaro cikin kindirmo, mun sha, ba mu yi nadama ba.

Sai dai nuna daban, ruɓa daban, kuma nan ne wasu ke cutar jama'a. Mangwaron da ya yi hunhuna, yanke wurin da ya ɓaci bai wadatar ba, domin a ɗan itace mai laushi hunhunar tana kutsawa ciki fiye da inda ido ke gani. Wannan na juji ne. Haka abin da aka haɗa ya kwana cikin zafi: da an ga kumfa ko an ji tsami na yaji a hanci, to ya fara juyewa zuwa barasa, sai a zubar.

Babbar magana ita ce ruwa. Ba mu manta da kwalarar 2018 ba, wadda ta ɓulla a Madarunfa ta jihar Maraɗi, dab da iyaka. Sanyi ba ya kashe ƙwayar wannan cuta, don haka ƙanƙarar da aka yi da ruwa marar tsabta guba ce ko ta kai dutse tauri. A yi aiki da ruwan da aka tafasa ko wanda aka sa wa magani. In ba a yarda da ƙanƙarar ba, a ƙulla abin sha a leda ko kwalba mai murfi, a jera ƙanƙara kewaye da shi cikin kula, kada a jefa ta ciki.

A haɗa daidai abin da za a sayar a yinin. Direbobi da ƴan kamasho da ke jiran a gama musu takardu a bakin duwan ba su rasa ƙishirwa, kuma ko dala ashirin-ashirin aka ba su ƙulli, kwandon da aka yanke wa ƙauna zai maido wani abu daga kuɗin mota.