Kukan Dare da Zawon Haƙori: Yadda Muka Juya Lissafin Cikin Jariri

A yawancin gidajenmu abu biyu ne ke tasowa game da cikin jariri a shekararsa ta farko, kuma kowannensu mun ajiye shi a gurbin ɗan'uwansa. Idan jariri ɗan wata guda ya tsanyara kuka bayan magariba, yana naɗe ƙafafu yana miƙewa, yana yunƙuri har jijiyar wuyansa ta tashi, gida kan rikice: a jiƙa dauri, a tura yaro kemis, a kirawo kakarsa. Idan kuwa ya kai wata bakwai ya kama zawo sau biyar sau shida a wuni, sai a ce ai haƙori ne, yana tsirowa zai tsaya. Abin da likitancin yara ya tabbatar shi ne lissafin a juye yake. Kukan nan galibi yakan wuce da kansa ba tare da ya bar wata illa ba. Zawon da ake yi wa uzuri kuwa yana cikin manyan masu kashe yara, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gudawa na hallaka yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 400,000 kowace shekara, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yin wannan asara.

Tushen zancen shi ne jariri yakan zo duniya da cikin da bai gama ƙosawa ba. A ranar haihuwa tumbinsa bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko biyu ba, shi ya sa ɗan dakashin da uwa ke fitarwa a kwanakin farko, wanda wasu ke matsewa su zubar wai ƙazanta ne, ya ishe shi, kuma yana ɗauke da garkuwar da ke shafe bangon hanjinsa. Hanjin kansa kusan babu kowa a cikinsa lokacin haihuwa. Ƙananan halittu masu amfani sukan fara shigarsa ne daga jikin uwa, wajen haihuwa da wajen shan mama, kuma sai yaro ya kai shekara biyu zuwa uku kafin su zauna daram irin na babba. Wani abin mamaki shi ne nonon uwa na ɗauke da wasu nau'o'in sukari da jaririn kansa ba ya iya narkarwa. Amfaninsu shi ne ciyar da waɗannan halittu, musamman dangin da masana ke kira Bifidobacterium, su yi yawa su cika wuri har masu cutarwa su rasa wajen zama. Duk abin da aka ɗura wa jariri a waɗannan watanni, ruwa ne ko jiƙo ko magani, cikin wannan gini da ba a gama ba yake sauka.

Da wannan a zuciya, yawancin abubuwan da ke tayar wa mai jego hankali sai su zama masu sauƙin fahimta. Tumbuɗi yana faruwa ne saboda murfin da ke tsakanin maƙoshi da tumbi bai yi ƙarfi ba tukuna. Kusan rabin jarirai na yin sa kullum a watannin farko, yakan fi yawa wajen wata huɗu, kuma akasari ya ɗauke kafin shekara. Muddin yaro na ƙara nauyi yana shan mama da kyau, wahalar ta mai wanki ce. Haka nan jaririn da nono zalla yake sha, bayan ya wuce mako shida, zai iya yin kwana uku ko fiye bai yi bahaya ba, kuma in ya yi shi da laushi babu abin da ya same shi. Yunƙurin da yake yi yana nishi kafin ya yi, koyo yake yi ya haɗa matsa ciki da sakin dubura a lokaci guda. Shi kuwa kukan yamma, wani likitan yara Ba'amurke, Morris Wessel, ya yi masa ma'auni tun 1954: kuka na awa uku a rana, kwana uku a mako, har mako uku, a jaririn da lafiyarsa ƙalau. Yakan samu kusan jariri ɗaya cikin biyar, ya fi tsanani wajen mako shida, ya lafa tsakanin wata uku da huɗu. Abin da ke taimakawa ba ya cin kuɗi: a ɗaga shi a kafaɗa ya yi gyatsa bayan ya sha, a goya shi, a shafa masa ciki a hankali. In kuma uwa ta gaji har ranta ya ɓaci, ta miƙa shi ga wani, domin girgiza jariri da ƙarfi na iya lalata masa ƙwaƙwalwa.

Za a ce, to ai mun gani da idonmu, ana ba shi dauri ko ruwan kwalbar nan na gripe water sai ya yi shiru. Gaskiya ne yakan yi shiru, amma zaƙi ko wane iri ne yakan lallashi jariri na ɗan lokaci, kuma ainihin haɗin da William Woodward ya fito da shi a Ingila a ƙarni na 19 har da barasa a ciki. Sannan tun da kukan da kansa zai wuce a wata na uku ko na huɗu, duk maganin da aka kama a wata na biyu shi zai kwashe yabon. Masu cewa da dauri aka raine mu kuma ga mu nan, su tuna cewa waɗanda suka rayu ne kaɗai ke ba da shaida. Tsofaffin mata da yawa, in an tambaye su 'ya'ya nawa suka haifa, lissafi biyu suke bayarwa, na waɗanda aka haifa da na waɗanda suka tsaya. Kuma maganin kwalba ma ba shi da tabbas don kawai yana cikin kwali. A ƙarshen 2008 wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, ya lalata ƙodar yara a jihohin Legas da Kaduna da Osun, kuma hukumomi sun ƙidaya mutuwar yara 84. Yawancinsu an ba su shi ne don abin da ba ya bukatar magani. Zuma ma, duk albarkar da ke cikinta ga manya, likitoci sun hana a ba wanda bai cika shekara ba, saboda takan ɗauko ƙwayar wata cuta da ke tsiro a hanjin jariri ta sanyaya masa jiki har numfashi ya gagare shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ruwa. Wanda ya san zafin Afirilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram zai ga kamar rashin tausayi ne a ce kada a ba jariri ruwa har wata shida, kuma a al'adarmu ruwa ne farkon abin da ake miƙa wa baƙo. Amma kusan kashi 88 cikin ɗari na nonon uwa ruwa ne, kuma binciken da aka yi a ƙasashe masu zafi ya nuna jaririn da ake ba mama duk lokacin da ya nema ba ya shiga ƙishirwa. Ruwan da aka ba shi yakan cike ɗan tumbin nan ya rage shan nono, nonon kuma ya ragu saboda ba a tsotsa. Mafi muni shi ne ruwan randa ko na leda, da kofin da aka ɗebo shi, da hannun da ya riƙe kofin, su ne hanyar da ƙwayoyin gudawa ke bi su shiga. In akwai mai bukatar ƙarin ruwa a lokacin zafi, uwar ce. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya gano kashi 29 cikin ɗari kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne ke shan nono zalla, kuma ruwa ne abin da aka fi haɗa musu da shi.

Batun haƙori kuwa, iyaye ba ƙarya suke yi ba da suka ce suna ganin zawo na zuwa tare da shi. Lokacin ne ya haɗu. Haƙorin farko yakan fito wajen wata shida, daidai lokacin da ake fara ba yaro kunu da koko, daidai lokacin da ya fara zama da rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, daidai kuma lokacin da garkuwar da ya gado daga uwa tun a ciki take ja da baya. Haƙori na kawo dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima. Zawo mai ruwa tsululu kuwa ƙwayar cuta ce ta shiga, sau da yawa wadda ake kira rota. Haɗarin kiransa zawon haƙori shi ne sunan kan sa a zauna jira, shi kuwa jariri ruwan jikinsa kaɗan ne, yana iya ƙarewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Maɗigar da ta lotsa, wadda ake shafa wa haɗin gargajiya ana cewa ciwon kai ne, ruwan jiki ne ya ragu. Haka idanu da suka faɗa, da kuka ba hawaye, da ƙyallen da ya wuni bai jiƙe da fitsari ba. Ma'aikaciyar asibiti takan kama fatar cikin yaro da yatsu biyu ta ɗaga ta saki: in ta koma nan take da sauƙi, in ta tsaya a tattare tana komawa a hankali, abin ya yi nisa.

Maganin wannan na cikin mafi arha a duniya. A 1971, lokacin yaƙin da ya haifar da ƙasar Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya ta jijiya ya ƙare, sai likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa haɗa gishiri da sukari a ruwa ana ba marasa lafiya su sha. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Sirrin shi ne sukari na jan gishiri ya ratsa bangon hanji, ruwa kuma ya bi su, ko da zawon bai tsaya ba. Yau ana sayar da haɗin a 'yar leda da sunan ORS. A juye ta cikin adadin ruwa mai tsabta da aka rubuta a jikinta, galibi lita ɗaya, a riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali, abin da ya kwana ya wuni kuma a zubar a haɗa sabo. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba. Mama kuwa ba a tsayar da shi, ƙara shi ake yi. Abin takaici, uwa takan je kemis ta dawo da Flagyl ko Septrin, domin mai shago ya san ruwan gishiri ba ya kama da magani a idon mai saye, ribarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Waɗannan magunguna ba sa taɓa rota, sai dai su karkashe halittun nan masu amfani da nono ya yi watanni yana kiwo. Wurinsu shi ne zawo mai jini ko kwalara, bisa umarnin ma'aikacin lafiya.

Saura mai cewa asibiti da nisa, kuɗin mota ma aiki ne, ba kowane motsin ciki za a kwasa a tafi ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa rarrabewa ke da amfani, don kuɗin da za a ɓatar kan kukan yamma a adana shi ga ranar da tafiya ta zama dole. Jaririn da bai yi kashinsa na farko, baƙin nan mai danƙo, cikin kwana biyu da haihuwa ba, a kai shi. Amai kore shar alama ce ta toshewar hanji, ba a kwana da shi a gida. Haka jini a bahaya, da ciki da ya kumbura ya yi tauri, da aman da ke feshowa da ƙarfi bayan kowane shan mama a jariri ɗan mako biyu zuwa takwas, da zazzaɓi a wanda bai kai wata uku ba, da yaron da ya ƙi mama ya yi laushi. Tun da a gidaje da yawa maigida ne ke ba da izinin fita da kuɗin mota, kaka kuma ita ke faɗin ko ciwon na asibiti ne, su biyun sun fi mai jego bukatar sanin waɗannan alamu. Rota kuma yanzu tana da rigakafi, ɗigo ne a baki. Ghana ta fara bayar da shi a 2012, Nijar a 2014, Najeriya kuma ta sa shi cikin rigakafin yau da kullum a watan Agustan 2022, ana ɗiga wa jariri kyauta a mako 6 da 10 da 14, rana ɗaya da sauran alluran da ke kan katinsa.