Daga gwanki zuwa zomo: Yadda farauta ta ƙanƙance a hannun matasan birnin Zariya

Da zarar an gama kwashe masara da dawa daga gonaki, iskar hunturu ta fara kaɗawa, mazauna bakin ganuwar Zariya sukan ga ayarin matasa na fita bayan sallar asuba. Wasu ta Ƙofar Gayan, wasu ta Ƙofar Kona, wasu ta Ƙofar Kuyambana. Karnuka na gaba suna jan igiya, kowa da gorarsa a kafaɗa da wuƙa a ƙugu.

A ƙarshen irin wannan ayari ba a rasa yaro ɗan shekara 13 ko 14 riƙe da jarkar ruwa da buhu. Ɗan koyo ne, kuma burinsa bai wuce ranar da zai shigo gari da naman da hannunsa ya kayar ba.

Buri ne irin wanda kakanninsa suka yi. Bambancin yana ga dabbar. A da, maharbin da ya amsa sunansa a ƙasar Zazzau da gwanki ko kanki ko ɓauna ake auna shi. A yau matashin da ya fita daga cikin birni, in ya dawo da zomo ko gafiya ko fakara, ya yi sa'a.

Maharbi daban, ɗan farauta daban

Bahaushe ya bambanta mutum biyu da baƙo zai iya ɗauka abu ɗaya ne. Maharbi yakan fita shi kaɗai ko da yaronsa, da kwari da baka ko bindigar adaka, ya kwana a daji yana bin sawu. Yawanci gadon gida ne, kuma tare da harbin yake gadon sanin itatuwa da saiwoyi. Shi ya sa a unguwanni da dama maharbi ke zama mai bayar da maganin saran maciji da harbin kunama. Dafin da ake shafa wa kibiya ma shi ke haɗa shi, daga tsirrai irin su kwankwani. Shugaban maharba shi ne Sarkin Baka, sarautar da masarautun ƙasar Hausa suka daɗe da saninta.

Ɗan farauta kuwa da gayya yake fita. Ana sa rana, a yi gangi, unguwanni da ƙauyuka su haɗu da karnukansu, a kewaye daji a taso namun da ke ciki. A nan ne ake samun 'yan tauri da kirari da busa ƙaho. Makaɗa irin su Kassu Zurmi sun yi suna ne da wasa irin waɗannan mazaje.

Duka biyun suna da lokacinsu. Farauta aikin rani ce, tsakanin kaka da faɗuwar ruwan farko. Da damina ciyawa ta rufe daji, ga aikin gona, don haka dabba kan samu watanni tana hayayyafa ba mai damunta. A wasu sassan ƙasar Hausa har biki ake yi na buɗar dawa kafin a fara shiga.

Hanyar zuwa naman farko

Ba a wayi gari yaro ya zama mafarauci. Da danƙo yake farawa, yana harbin kurciya da ƙadangare a kangaye da bakin kududdufai. Daga nan ya koyi ɗana tarko da haƙar ramin gafiya da kurege. Sai wani kawunsa ko yayansa ko maigidan da ya yarda da hankalinsa ya fara tafiya da shi daji.

Shekarar farko aikinsa ɗaukar kaya ne da riƙon kare. A nan yake koyon abin da ba a rubuta ba: bambancin sawun gada da na akuya, yadda ake tafiya iska na bugun fuska don kada dabba ta ji warin mutum, da kuma yin shiru lokacin da kare ya tsaya cak ya miƙe kunnuwa.

Ranar da abin zai faru, ba ya ɗaukar daƙiƙa biyar. Zomo ya zabura daga gindin sabara, karnuka su bi shi, ya karkato ta inda yaron ke tsaye. Wanda ya jefa gora daidai inda zomon yake ya yi asara, domin kafin ta sauka ya wuce. Gabansa ake jifa, kuma ƙasa-ƙasa, yadda gorar za ta share ƙafafun. In ta same shi, saura gudu, don a riga karnuka isa gare shi. Ba banza ba aka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Daga nan sai hukuncin addini ya shigo, kuma a gari irin Zariya da ke cike da makarantun zaure, wannan ba abin wasa ba ne. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, yana da babi da ya haɗa yanka da farauta. Abin da malaman Malikiyya ke koyarwa shi ne a ambaci sunan Allah lokacin sakin kibiya ko horarren kare, kuma in an riski dabbar da ranta, sai an yanka ta. Sun kuma karhanta farautar da aka yi don wasa kawai. Saboda haka abin da babba ke fara dubawa ga yaro shi ne ko ya yi bisimilla, da kuma ko wuƙarsa na da kaifi.

Naman zomo ɗaya ba zai ishi gida miya ba. Amma yaron da ya shigo unguwa da shi rataye a kafaɗa ya san daga ranar an daina kiransa mai riƙon jarka, kuma in gyatuma ta sa a tukunya, kowa a gidan sai ya ji labarin jifar.

Gwanki sha bara

Wanda bai taɓa ganin gwanki ba zai yi wuya ya gane abin da aka rasa. Yana cikin mafi girman dangin barewa a Afirka. Babban namiji kan kai kilo 250 zuwa 300, tsayinsa a kafaɗa ya kusa mita ɗaya da rabi. Jikinsa ja-ja ne mai ratsin toka, fuskarsa baƙi da fari, kunnuwansa dogaye, ƙahonsa ya lanƙwasa baya kamar lauje. Namiji da mace duka suna da ƙaho.

Maharba sun san shi da taurin rai, har kirarinsa na "sha bara" ya zama abin da ake yi wa jarumin mutum. In ya ji rauni ba lallai ya gudu ba, yakan juyo ya kare kansa da ƙaho. Wannan ya sa kayar da shi ya zama shaidar ƙwarewa.

Sai dai rauninsa na wajen haihuwa. Macen gwanki kan yi kusan wata tara da ciki, ta haifi ɗa guda. Zomo kuwa na haihuwa sau da yawa a shekara. Idan harbi ya yawaita, zomo na iya jurewa, gwanki ba zai iya ba.

Ina namun suka tafi?

Amsa ta farko gona ce. A ƙidayar 1963 mutanen Najeriya ba su kai miliyan 56 ba, yanzu sun haura miliyan 200. Jihar Kaduna na sahun gaba a noman masara, kuma duk wanda ya bi hanyar Soba ko Giwa ko Maƙarfi zai ga gona na bin gona har iyakar ganinsa. Fadamun kogin Galma da a da dabbobi ke sauka shan ruwa da rani, yanzu noman rani ake yi a cikinsu. A bayan ganuwa ma, wuraren da dattawa suka sani a matsayin daji, ta wajen Dutsen Kufena da Gwargwaje da Dakace, gidaje sun ci su.

Sai saran itace don gawayi da girki, da cinna wa daji wuta don a taso ɓeraye da gafiya, wadda ke ƙone ƙwan zabi da 'ya'yan dabbobi. Ga kuma farautar dare da fitila mai ƙarfi, wadda ba ta bambanta mai ciki da namiji.

Dokoki kam akwai su. Tun 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji, wadda ta tanadi lasisi da jerin dabbobin da ba a taɓawa. A 1985 gwamnatin tarayya ta yi dokar dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, aka yi mata gyara a 2016. Matsalar ita ce aiwatarwa.

Manyan namun da suka rage sun koma gandun daji. Akwai Gandun Kamuku da ke Birnin Gwari, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, kuma an san shi da giwaye da gwanki. Akwai Falgore a Jihar Kano, da Yankari a Jihar Bauchi da aka buɗe wa masu ziyara a 1962. A duk waɗannan wurare doka ta haramta farauta.

Daji ya samu wasu masu shi

Ko da namun na nan, shiga daji ya zama kasada. Shekaru da dama dazukan Birnin Gwari da Giwa da Igabi na zaman maɓoyar 'yan bindiga. A 2021 hare-haren sun iso bakin Zariya kanta, inda aka sace mutane a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yuni, sannan a cibiyar kula da masu tarin fuka da kuturta da ke Saye a watan Yuli. Gwamnatin Uba Sani ta ƙulla sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, har aka sake buɗe kasuwar shanu, amma ba kowane uba ne zai saki ɗansa ya kwana a can ba.

Wannan ya sauya aikin mafarauta. Da yawa sun koma sintiri da gadin unguwanni. A Adamawa, maharba sun taimaka wa sojoji wajen fatattakar Boko Haram a 2014, kuma a nan ne sunan Aisha Bakari Gombi ya fito.

Wasu kuma sun riƙa yin nisa zuwa Kudu, inda daji ke da sauran nama. Haɗarin wannan ya bayyana a ƙarshen watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 a garin Uromi na Jihar Edo. Suna kan hanyarsu ce daga Jihar Ribas zuwa Kano don bikin ƙaramar Sallah, 'yan sintiri suka tare motarsu, suka ga bindigogin gargajiya, aka yi musu kallon masu garkuwa da mutane. Duk mafaraucin Arewa ya ji wannan a jikinsa.

Su ma 'yan farautar suna da nasu laifin. Rikicin ƙwacen nama tsakanin unguwanni, da shaye-shaye, da ɓarnar amfanin gona da karnuka ke yi, sun ɓata sunan sana'ar, har hukumomi a wasu jihohin Arewa suka sha hana farautar gayya.

Yadda Amurka ta dawo da nata

Akwai ƙasar da ta taɓa shiga irin wannan hali. A Amurka akwai wata ƙatuwar dabba mai suna elk, wadda namijinta ke kai girman gwanki ko ya fi, mai ƙaho da rassa kamar bishiya, wanda ke zubewa ya sake tsirowa duk shekara. An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa sun kai miliyan 10. Zuwa farkon shekarun 1900, harbi ba ƙaidi da faɗaɗa gonaki sun mayar da su ƙasa da 100,000.

Ba hana farauta aka yi har abada ba, tsara ta aka yi. A 1937 aka yi dokar Pittman-Robertson, wadda ta ware harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji da mazauninsu. Jihohi suka ƙayyade kwanakin farauta, suka sa lasisi mai iyaka, a wurare da dama sai an yi ƙuri'a. Kowane lasisi dabba ɗaya ce, kuma sau da yawa ana rubuta namiji ne ko mace. A yau yawan elk ya kai kusan miliyan ɗaya.

A Jihar Kolorado, wadda ta fi kowace yawan elk, yaro na iya fara farautar manyan dabbobi daga shekara 12, amma sai ya yi kwas ya samu shaida, kuma sai da babba a tare da shi har ya kai 16. Idan ya harbi namijinsa na farko, doka ta wajabta masa kwashe naman, ba ya yanke ƙaho ya bar sauran a daji ba.

Abin da ke hannu

Yawancin waɗannan ƙa'idoji ba baƙi ba ne ga maharbin Hausa. Yana da lokacin shiga daji da lokacin barinsa. Yana da babban da ke riƙe hannun yaro. Yana da shugaba da ke raba gardama, kuma addininsa ya hana shi kisa don nishaɗi. Abin da babu shi ne daji mai tsaro, da ƙidayar abin da ya rage a cikinsa, da hukumar da za ta tsaya kan doka.

Zariya ba ta rasa masu sanin wannan aiki ba. Jami'ar Ahmadu Bello na da masanan dabbobi da tsirrai da likitocin dabbobi, masarautar Zazzau ƙarƙashin Sarki Ahmed Nuhu Bamalli na da hakimai da dagatai da suka san kowane mafarauci a yankinsu. Rajistar mafarauta da katin shaida za su rage irin abin da ya faru a Uromi. Ɗaukar ƙwararrun maharba aikin gadin gandu zai sa sanin sawu ya zama abin cin abinci, ba tare da an kashe dabbar ba.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma yaran da ke bin iyayensu ta Ƙofar Gayan da asuba sun nuna gadon bai mutu ba. Amma mafi yawansu sun san gwanki ne a kirari da hoton waya. Wanda ke son ganinsa ido da ido, hanya mafi sauƙi a yau ita ce ya hau mota zuwa Yankari, ya biya kuɗin shiga, ya bar gorarsa a gida.