TOHON NONO GA NAMIJI: KO GIYA DA WIWI NA MAIDO SHI BAYAN TIYATA?



Abin da zan yi magana a kansa yau abu ne da Bahaushe ke jin nauyin ambata, har ma bai raɗa masa suna ba. Muna da kirgen dangi ga budurwa, muna da hantsa ga saniya, amma in ƙirjin namiji ya tasa kamar na mace, sai dai a ce “ya yi nono”, a bi da dariya. Likitoci suna ce masa gainikomastiya, daga kalmomin Girkanci biyu, watau mace da nono. Masu shi kuwa suna fama da kunya: wani ba ya tuɓe riga a rafi, wani ba ya shiga filin kokawa. Saboda haka wasu kan tara kuɗi su tafi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko waninsa a yanke. To, tambayar ita ce, wanda aka yi wa aiki, in ya ci gaba da shan giya ko tabar wiwi, abin zai komo?

Bari in ɗauko misali daga Riruwai, hedkwatar ƙaramar hukumar Doguwa, garin da aka sani da haƙo kuza da narka ta tun kafin zuwan Turawa. Duk mahaƙi ya san in rami ya cimma idon ruwa, ko an kwashe ruwan da yamma, da safe za a tarar ya taru. Haka wannan lamari yake. Wuƙar likita kwasar ruwa ce, idon ruwan kuwa yana cikin jini.

Kowane namiji yana da sinadari iri biyu a jininsa: na maza, testostiron, wanda akasari maraina ke yi, da na mata, istirojin, ɗan kaɗan. Muddin na maza ya rinjaya, 'yar tsokar nonon da ke ƙarƙashin kan mama tana nan kwance. In ma'aunin ya karkata, sai ta tasa. Wannan ya sa yara maza da yawa kan yi ƙululu a ƙirji lokacin balaga, mafi yawansu kuma ya baje da kansa cikin shekara 2. Wanda ya daɗe fiye da shekara guda ga babba yakan ƙandare, sa'an nan magani ba ya narkar da shi sai aiki.

Likita kuwa ba ya kwashe tsokar duka. Yakan bar kaɗan a ƙarƙashin kan mama don kada wurin ya lotsa. Wannan ragowar tana da rai, tana kuma jin kiran sinadari. Wani lokaci ma kitse kawai ake zuƙewa. Ga ƙofar da komowa ke bi.

Game da giya, hujja tana da ƙarfi. Yawan sha na shekaru yana raunana maraina, sinadarin maza ya ragu. Yana kuma ƙandarar da hanta, mai hanta ƙandararriya kuwa sinadarin mata yakan rinjaya a jikinsa. Har ila yau giya tana tara teɓa, shi kuma kitse yana juya sinadarin maza ya zama na mata. A nan burukutu da giyar kwalba duk ɗaya ne, yawan sha da daɗewa a kai su ne ma'auni. Ƙari a kan haka, sifironolakton, maganin da ake ba mai ciwon hanta in cikinsa ya tara ruwa, shi kansa yana tayar da nono. Kano ta hana giya tun da ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, amma mutanenmu matafiya ne, ƙasar Doguwa ma tana iyaka da jihohin Kaduna da Bauci, don haka bai kamata a ɗauka cewa maganar ba ta shafe mu ba.

Ita wiwi, labarinta dabam ne. A 1972 likitoci biyu a Amurka, Harmon da Aliapoulios, suka ba da rahoton samari 3 masu yawan shanta da suka yi nono. Daga nan zancen ya shiga littattafai. Amma a 1977, da aka gwada sojojin Amurka masu wannan larura da marasa ita, ba a ga bambanci a shan wiwinsu ba. Har yau hujjar tana da rauni in an kwatanta da ta giya. Duk da haka kada wani ya ɗauki wannan lasin. Hayaƙi, na taba ko na wiwi, yana hana ciwo warkewa da wuri, mashayi kuma yakan ba mai sa barcin tiyata wahala. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya sun kai miliyan 10.6, kun ga ashe ba ƙaramar magana ba ce.

To, mene ne abin yi? Na farko, a nemi idon ruwan kafin a ɗauki wuƙa: a auna hanta, da maraina, da sinadaran jini. Na biyu, majiyyaci ya gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha, har da magungunan kemis irin su simetidin na gyambon ciki, da allurar ƙara ƙwanji da samari masu ɗaga ƙarfe ke yi, domin duk suna cikin masu jawo abin. Wanda ya ɓoye don kunya, kuɗinsa ya ɓoye wa amfani. Na uku, bayan aiki a bar giya, a tsare ƙiba. Kumburin makonnin farko kuma ba komowa ba ne, ciwo ne ke warkewa.

Gargaɗi na ƙarshe: ƙululu mai tauri a gefe ɗaya, ko jini daga kan mama, ba abin jira ba ne, gama maza ma suna yin sankarar mama, ko da yake ba su da yawa. Mu kuwa masu nazarin harshe, aikinmu shi ne mu samar wa wannan larura suna na mutunci, yadda saurayi daga Riruwai ko Tudun Wada zai iya faɗa wa likita damuwarsa ba tare da sunkuyar da kai ba.