Na'urar Busar da Tumatir da Ɗalibai Ke Ƙerawa: Abin Dubawa Kafin a Kai Ta Gona

A shekarar 2007 wani ɗalibin fiziks na Jami'ar Bayero ta Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda Civic da tarkacen ƙarafa. Jirgin ya ɗaga, ko da yake bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba. Labarin ya zaga duniya. Amma a kowace shekara ɗaliban injiniyan aikin gona na ƙera abubuwan da suka fi shafar manomi, kamar na'urar busar da tumatir mai aiki da zafin rana, kuma da yawansu kan ƙare a bayan ɗakin gwaji da zarar an ba da maki.

Tumatir kusan dukkansa ruwa ne, kimanin kashi 94 cikin 100. Ke nan kilo 100 na ɗanye ba zai ba da fiye da kilo 6 zuwa 7 na kauɗa ba. Wanda ya shanya a ƙasa ko a bakin kwalta ya san sauran bayanin: ƙura, ƙudaje, awaki, sannan mai saye ya karya farashi.

Yadda na'urar ke aiki ba shi da wuya. Ana shafa wa falle na kwano baƙin fenti, a sa shi cikin akwati, a rufe da gilashi ko farar leda. Baƙi na shan zafin rana, murfin kuma na hana zafin tserewa. Iskar da ta yi zafi ba ta da nauyi, don haka sai ta hau da kanta, ta ratsa ragar da aka jera yankakken tumatir, ta kwashe danshi, ta fita ta bututun sama. A nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure. Sukan mai da hankali ga tara zafi, su manta da mafitar iska. Na taɓa buɗe wata na'ura da ta yi kyau a ido, na tarar tumatirin ya dahu a cikin tururinsa, bai bushe ba. Zafin da ake nema shi ne digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin salshiyos. Idan ya zarce haka da yawa, bayan tumatirin ya ƙeƙashe, cikinsa na nan da laima, launinsa kuma ya yi duhu.

Malamin gona da aka kawo wa irin wannan na'ura ya sa ta fuskanci kudu a lokacin rani, a ɗan jingine. Ya duba ragar: ruwan tumatir na da tsami, yana cin wayar ƙarfe, saboda haka ragar roba ta fi. Leda ta kasuwa kuwa rana kan farfasa ta cikin 'yan watanni.

Sai tambayar da takardar ɗalibi ba ta cika amsawa ba: kwando nawa take ɗauka a zubi ɗaya, kuma kafinta ko mai walda na ƙauyen zai iya gyara ta? A gwada ta a fadama lokacin da tumatir ya yi yawa, a ajiye shanyar gargajiya a gefenta, a auna nauyi safe da yamma, a bar matan da ke sayar da kauɗa su faɗi wadda za su saya.