Sarkin da ya bi ɗan wasansa kabari

Ranar 28 ga Agusta, 2020, ciwon dajin hanji ya yi ajalin Chadwick Boseman yana da shekara 43. Rasuwarsa ta bar kamfanin Marvel da tambaya mai nauyi: wa zai sake fitowa a matsayin T'Challa, sarkin Wakanda?

Kamfanin ya ce babu. A fim ɗin Wakanda Forever na 2022, wanda aka yi bikin haska shi har a Legas, an binne sarkin, ƙanwarsa Shuri ta gaji rigar Black Panther.

Sai kan masoya ya rabu. Wasu suka ɗauki matakin a matsayin karrama mamaci, wasu kuwa suka tayar da gangamin #RecastTChalla. Hujjarsu ita ce T'Challa ya girmi Boseman da shekara 10, domin tun 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro shi, kuma an sha sauya wa Batman ɗan wasa ba tare da an yi masa jana'iza ba. Hujjar ba ta da saukin turewa: yaro baƙar fata da ya samu gwarzo mai kama da shi a 2018 ya rasa shi cikin shekara 4.

Marvel dai ya bar ƙofa a buɗe. A ƙarshen fim ɗin an bayyana ɗan sarkin, mai sunan ubansa.