Haɗa kwamfutar gem da kuɗi kaɗan

Mai ƙaramin ƙarfi da ke son haɗa kwamfutar gem, ya fara da katin hoto, wato GPU, domin shi ke ɗaukar nauyin wasan. Radeon RX 6600 mai 8GB ya isa yawancin wasanni a 1080p. A haɗa shi da CPU, Ryzen 5 5600, wanda ke hawa allon AM4 yana aiki da DDR4. Amma fa shi wannan CPU ɗin, in babu kati, babu hoto. RAM 16GB, sanda biyu, da SSD sun wadatar.

Inda ba a rowa shi ne akwatin rarraba wuta, PSU. Mara inganci kan iya lalata sauran kayan, balle inda lantarki ke rawa. Fitilun ado kuwa, ba sa ƙara wa wasa gudu.